Shagon tsakiya a unguwar Zango: abin da na gani da abin da na gwada

Cikin hunturun da ya wuce zaren tsakiyar mahaifiyata, wato duwatsun adon wuyanta, ya tsinke tana cikin alwala, duwatsun suka watse a tsakar gida, aka tsinto goma sha ɗaya daga cikin goma sha biyu. Ta gaje su ne daga tata mahaifiyar, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ta je biki ko suna babu su a wuyanta ba. Ta ƙulle su a ƙyalle ta miƙo mini, ta ce in nemi wanda zai jera su a sabon zare, ya kuma samo mata ɗaya mai kama da wanda ya ɓata. Wata abokiyar aikina ce ta kwatanta mini wani dattijo mai shagon duwatsun ado a Zango, kuma a kan shagonsa nake wannan rubutu bayan na je sau uku cikin wata guda. Shagon ba shi da allo a ƙofa, mai shi kuma ban nemi izininsa in ambaci sunansa ba, don haka zan kira shi Alhaji kamar yadda maƙwabtansa suke kiransa. Ni malamin kimiyyar rayuwa da ƙasa ne a wata lise, wato babbar makarantar sakandare, a nan Damagaram, darasin duwatsu yana cikin abin da nake koyarwa kowace shekara, saboda haka na shiga wurin da damuwar ɗa mai riƙe da amanar uwarsa, da kuma idon malami mai son ya ga ko abin da ake faɗa a kasuwa ya dace da abin da ke cikin littafi.

Zango ita ce unguwar da ayarin Abzin suke sauka a dā, fatake suna sauke kayan arewa suna ɗaukar na kudu, don haka ba abin mamaki ba ne a iske wannan sana'a ta yi saura a lungunanta maimakon rumfunan Kasuwar Dole. Shagon ɗaki ne ɗan siriri, tabarma a shimfiɗe, ƙaramin ma'aunin maƙera azurfa a kan akwati, sai wani yaro a can ƙurya yana aiki da injin gugar dutse. Abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne yadda aka raba kayan. A wurare da yawa ana tara duwatsun ado ne bisa launi, ja da ja, kore da kore, mai saye ya zaɓi wanda ya yi masa kyau. Alhaji ya raba nasa a faifai uku: faifan tsohon dutse, faifan sabon dutse, da faifan kwalba da roba. Ja yana cikin kowane faifai, kuma farashinsu bai yi kusa da juna ba. Kafin ka tambaya zai gaya maka wane faifai hannunka ya shiga.

Na gaishe shi, na kwance ƙyallen a gabansa. Bai yi maganar kuɗi ba sai da ya bi duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Yakan ɗauki dutse ya manna shi a kumatunsa na ɗan lokaci, sa'an nan ya miƙa hannu wajen ƙofa ya duba shi a hasken rana, ya leƙa cikin hudar ta gefen nan ya juya ya leƙa ta wancan. Tara ya jera su a dama. Biyu ya daɗe yana jujjuya su, daga baya ya ce, "Malam, ka yarda in taɓa su da magagari? Zan taɓa ne a bakin huda, inda zare zai rufe." Na ce, "Bismilla, Baba Alhaji." Ya ɗan goga magagarin a bakin hudar ɗaya daga cikin taran nan, ƙarfen ya zame bai bar komai ba. Ya goga a kan biyun, sai ga ɗan farin gari ya fito, zane siriri ya kwanta a wurin. Ya ajiye su gefe ya ce, "Waɗannan biyu kwalba ce. Tsohuwar kwalba ce kuwa, ta girme ka, amma kwalba ce. Ka gaya wa Hajiya kafin in zura su, ita ce mai cewa a sa ko a bari." Mutumin da yake sayar da tsofaffin duwatsu zai iya yin shiru ya musanya na ƙwarai da na jabu, ko ya kushe na ƙwarai don ya saye su da araha, shi kuwa gaskiyar da ba ta ƙara masa ko dala ba ya fara faɗa.

Domin a fahimci dalilin da ya sa gwajinsa yake aiki, dole in ɗan shiga abin da nake koyarwa. Kusan kashi 90 cikin ɗari na ɓawon ƙasa an gina shi ne da dangin ma'adanai da ake kira silikat, kuma dukansu tubalinsu ɗaya ne: ƙwayar zarra guda ta silisiyom da ƙwayoyi huɗu na oksijan kewaye da ita. Idan ina bayyana wa ɗalibai siffar wannan tubali nakan ce su tuna murhun gidansu, duwatsu uku a ƙasa, tukunya a bisa, wuta a tsakani. Duwatsun uku da tukunyar su ne oksijan huɗun, wutar da ke tsakiya ita ce silisiyom. Masana sun raba silikat gida shida bisa yadda waɗannan tubala suke tarayya da juna a kan oksijan. Inda kowane tubali ya zauna shi kaɗai, ƙarafa irin su magnesiyom ko baƙin ƙarfe suna riƙe tsakaninsu, nan ne gidan olibin da garnat da zirkon da topaz. Inda suka haɗu bibbiyu, epidot ne sanannen misali. Akwai masu ɗaure kansu zobe, galibi tubali shida, kamar beril da turmalin, akwai kuma masu miƙewa kamar sarƙa, silli ɗaya a piroksen, silli biyu a amfibol. Gida na biyar su ne masu shimfiɗa: kowane tubali ya yi tarayya da maƙwabtansa a kan oksijan uku, sai su zama falle bisa falle, kuma abin da ke riƙe falle da falle ba shi da ƙarfi. Shi ya sa mika take ɓarewa kamar bawon albasa, shi ya sa talk, wanda ake niƙawa a yi hoda, yake santsi a hannu kamar sabulu, farar ƙasa da yumɓun maginan tukwane kuma duk ƴan wannan gida ne. A shagon Alhaji akwai ƴan sassaƙe-sassaƙe na wani dutse mai laushi da ake kawowa daga Abzin, na ɗan danna farce a gindin ɗaya, da izininsa, farcen ya shiga.

Gida na shida shi ne gidan da dutsen tsakiya ya fito. A nan kowane tubali ya ba da dukan oksijan ɗinsa huɗu tarayya, ya kama na gabansa da na bayansa da na samansa da na ƙasansa, ginin ya ɗaure ta kowace fuska. Da yake kowace ƙwayar oksijan ta tubali biyu ce, lissafin yakan koma silisiyom ɗaya da oksijan biyu, wannan kuwa shi ne kwarts, farin dutsen nan da muke kira ƙanƙara, wanda ake kyasta wuta da shi. Feldispat ma ɗan gidan ne, sai dai a cikinsa aluminiyom ya maye gurbin wani sashe na silisiyom, potasiyom ko sodiyom ko kalsiyom suka shigo suka cike giɓin. Mutumin Damagaram ba ya buƙatar tafiya ko'ina don ya ga wannan, domin manyan duwatsun da suka kewaye tsohuwar unguwar Birni giranit ne, kuma duk wanda ya ɗauki sabon fashin tsakuwa ya duba da kyau zai ga feldispat mai duhu ga haske, da kwarts mai kama da kwalba mai toka-toka, da ɗigo-ɗigon baƙaƙen ma'adanai a tsakaninsu. Akwai ɗan saɓani da yake rikita ɗalibaina duk shekara, gara in ambace shi. Masu bin tsarin Bajamushe Hugo Strunz, wanda ya fara fitar da jadawalinsa a 1941, suna sa kwarts cikin dangin oksid, domin a wurinsu abin da ya ƙunsa ake duba, silisiyom da oksijan kawai. Masu bin tsarin da ya samo asali daga James Dana na Amurka suna sa shi cikin silikat, domin yadda ginin ya ɗaure suke duba. Ni na fi karkata ga na biyu idan ana maganar halin dutse a hannu, domin ginin ne yake bayyana taurinsa da yadda yake fashewa.

Tsakiya kwarts ce, amma ba irin mai manyan ƙwayoyi masu gefe shida da ake gani da ido ba. Ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai, zare-zare, sun cuɗe da juna, sai da madubin ƙara girma mai ƙarfi ake ganinsu. Wannan nau'i shi ake kira kalsedwan. Idan yana da layi-layi masu bin juna ana ce masa agat, idan ja ne ko ruwan goro wanda haske ke ratsawa ana ce masa kornalin, Larabawa kuma suka haɗa su da sunan aƙiƙ, sunan da masu neman dutsen zoben azurfa suka fi sani. Yana samuwa ne inda ruwa mai ɗauke da narkakkiyar silika, wato sinadarin kwarts, ya shiga ramukan da iska ta bari cikin duwatsun aman wuta, ya riƙa ajiye ta shafi bisa shafi daga bango zuwa ciki, kuma layukan da ake gani a jikin tsakiya sawun wannan ajiya ne. Jan launin daga tsatsar baƙin ƙarfe yake, ɗan kaɗan da ya shiga tsakanin zaruruwan.

Yanzu gwajin Alhaji ya fito fili. A ma'aunin tauri da Friedrich Mohs ya tsara a 1812, wanda ya fara daga talk mai lamba 1 ya ƙare a daimon mai lamba 10, kwarts yana lamba 7, kalsedwan tsakanin 6.5 da 7, kwalba kuwa wajen 5.5 take. Magagarin ƙarfe ya faɗa tsakaninsu, saboda haka yana cin kwalba ya zame a kan tsakiya. Manna dutse a kumatu ma yana da tushe, domin kwarts ya fi kwalba saurin janye zafi daga fata, sai a ji shi da sanyi ya kuma daɗe bai ɗumama ba. Haka nan akwai dalilin da ya sa duwatsun mahaifiyata tara suke sheƙi har yanzu alhali biyun sun dushe, abin da a gida muka ɗauka datti ne. Ƙurar hunturu da rairayin da ke manne wa tufafi cike suke da ƙananan ƙwayoyin kwarts, kuma duk abin da ya yi ƙasa sosai da lamba 7 suna karce shi a hankali shekara da shekaru. Kwalba ta sha wannan karta, tsakiya ta jure. Tsakiya tana da wani alheri kuma da babban kwarts ba shi da shi: cuɗewar zaruruwanta tana hana tsaga ta yi nisa, shi ya sa waɗanda suka faɗi a kan daɓen siminti ranar da zaren ya tsinke ba wanda ya rabe, sai ɗaya da ya ɗan ɓalle a baki, ɓallin ya yi lanƙwasa kamar cikin cokali, irin fashewar da aka san wannan dutse da ita tun da ba shi da fuskar da yake tsagewa a miƙe.

Ban tsaya ga maganarsa kawai ba. Na karɓi duwatsun na kai ɗakin gwaji na makarantarmu, na auna kowane a busashe, na sake auna shi a rataye cikin ruwa bayan na tabbatar ruwan ya cika hudar. Taran sun ba ni nauyin da ya ninka na ruwa kusan sau 2.6, daidai da abin da aka sani ga kalsedwan, wanda ya ɗan gaza 2.65 na tsantsar kwarts saboda ƴan ƙofofin da ke jikinsa. Biyun sun tsaya wajen 2.5. Dole in faɗi cewa wannan tazara ƙarama ce, kuma da ma'auni irin namu ba zan yanke hukunci da ita kaɗai ba. Gwajin ruwa ya fi amfani wajen kama roba, wadda nauyinta wajen rabin na dutse ne ko ƙasa da haka. Abin da ya gama gamsar da ni shi ne madubin hannu mai ƙara girma sau goma: a cikin biyun na ga ƙananan kumfa zagayayyu, abin da ba a samu a tsakiya, a jikin ɗaya kuma na ga sawun layin da ɓangarori biyu na mazubi suka haɗu. Abin da Alhaji ya gane da kumatu da magagari cikin ƴan mintoci, shi na tabbatar bayan na ɓata yammaci guda.

A zuwa na biyu muka zauna kan neman wanda zai maye gurbin ɓataccen, kuma a nan ne na ga zurfin saninsa da kuma iyakarsa. Ya nuna mini hudar tsofaffin duwatsun, yadda aka huda su daga gefe biyu aka haɗu a tsakiya, mahaɗar ba ta cika daidaita ba, har allura takan ɗan tsaya kafin ta wuce, bakin hudar kuma zare ya cinye shi ya yi sumul. Sabbin kuwa hudarsu a miƙe take, bakinta da kaifi. Ya ce tsofaffin daga gabas suka zo ta hannun alhazai da fatake, bai san sunan garin ba. Tarihi yana bayansa a nan, domin garin Kambat da ke jihar Gujarat a Indiya ya shafe ƙarnuka yana sarrafa agat da kornalin yana aikawa ƙasashen Larabawa da Afirka, kuma sana'ar a wancan yanki ta haura shekara 4000. A can ake shanya ɗanyen dutse a rana, a gasa shi cikin tukwanen ƙasa, zafi ya mai da ruwan ƙasa-ƙasan tsatsar zuwa ja. A ƙarni na 19 garin Idar-Obashtain na Jamus ya shigo kasuwar da ƙarfi, bayan ƴan garin da suka yi ƙaura sun iske agat mai yawa a kudancin Birazil. Su ne suka ƙware wajen rini, domin ƙofofin da ke jikin kalsedwan suna shan ruwa: a jiƙa shi da zuma ko sukari a bi da ruwan asid ya zama baƙi, a jiƙa shi da gishirin baƙin ƙarfe a gasa ya zama ja, gishirin kurom kuma ya ba da kore. Abin wuyan nan mai zobe da tsini da Abzinawa ke kira talhakimt, wanda Alhaji yake da guda biyar a faifansa, an yi shi a Indiya an yi shi a Jamus, daga baya masu zubin kwalba na yankin Bohemiya, a ƙasar Cek ta yau, suka kwaikwaye shi tare da sauran siffofin tsakiya suka sayar da araha. Da wuya in yi shakkar cewa biyun mahaifiyata daga irin wannan zubi suka fito.

Ya ajiye mini biyu in zaɓa, sabo a jaka biyu, tsoho a jaka takwas. Game da sabon ya ce, "Dutse ne na gaskiya, amma an taimaki launinsa, ka ga jan ya yi yawa kuma bai da zurfi." Na ji daɗin wannan magana, domin rini ba ya fitar da tsakiya daga zama tsakiya, amma haƙƙin mai saye ne ya sani. Haka kuma ban ji ya jingina wa wani dutse magani ba. Ina zaune wani saurayi ya zo neman aƙiƙ na zobe, ya tambaya ko gaskiya ne yana tsayar da haɓo, Alhaji ya ce masa shi dutse yake sayarwa, maganar jini a kai ta wurin likita.

Inda na saɓa da shi shi ne koren dutse. Duk wani kore da ke faifansa zumurrudu yake ce masa. Zumurrudu na ainihi beril ne, ɗan gidan masu zobe, taurinsa tsakanin 7.5 da 8, korensa daga kurom ko banadiyom, kuma mai kyansa ko da girman ƙwayar wake ne ya fi ƙarfin kuɗin duk abin da ke kan wannan faifai. Na duba nasa da madubi, yawancinsu kalsedwan ne da aka rina, ana ganin launin ya taru ya yi duhu a cikin ƙananan tsagogi. Guda ɗaya ya bambanta, kore mai shuɗi-shuɗi da fararen jijiyoyi, kuma inda ya ɓalle fuskar ta fito a miƙe tana ƙyalli maimakon ta lanƙwashe. Wannan amazonit ne, wani nau'in feldispat mai taurin 6 zuwa 6.5, wanda yake tsagewa ta fuska biyu masu kusan kusurwar gini, kuma mutanen Sahara sun yi duwatsun wuya da shi tun zamanin da ba a san ƙarfe ba, akwai ma tsohuwar mahaƙarsa a arewacin duwatsun Tibesti, wajen iyakar Chadi da Libiya. Na faɗa masa haka cikin ladabi. Ya ce, "Malam, haka muka taras ana kiransa, kuma ban taɓa karɓar kuɗin zumurrudu a kansa ba." Gaskiyarsa ce, farashin na rinannen dutse ne. Amma dutse yana fita daga shago ya shiga lefe, ya shiga gado, wata rana wani ya sayar wa wani da sunan da ya ji, kuma a wannan lokaci ba Alhaji a wurin da zai daidaita farashi. Mutumin da ya iya ware kwalba daga tsakiya a gaban mai kaya ya kamata ya ware wannan suna ma.

Abin da ya fi damuna bai shafi ciniki ba. Yaron da ke ƙurya, wanda bai wuce shekarun ɗalibaina ba, yana gugar sabbin duwatsu ne a kan faifan inji a busashe, farar ƙura ta rufe masa gashin ido da gaban riga, ɗakin kuma ba taga. Wannan ƙura tsantsar silika ce. Ƙwayoyinta mafi ƙanƙanta, waɗanda ido ba ya gani, suna wucewa har ƙarshen huhu su zauna, jiki ya kasa narkar da su, ya yi ta gina tabo kewaye da su har numfashi ya ƙuntata. Ciwon ana kiransa silikoz, ba ya warkewa, yakan ɗauki shekaru kafin ya bayyana, kuma yana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Ya kashe masu gugar agat da yawa a Kambat ɗin nan da na ambata. Ƙarfin ginin da ya sa tsakiya take jure ƙarni a wuyan mace, shi ne ya sa ƙurarta ba ta narkewa a ƙirjin yaro. Na yi wa Alhaji bayani a keɓe, na ce a riƙa zuba ruwa a kan faifan lokacin guga, a fitar da injin waje, a daina share garin da tsintsiya a busashe. Ya saurara, ya yi tambayoyi biyu masu ma'ana. A zuwana na uku na iske an rataye gwangwani mai huda a gindi yana ɗiga ruwa a kan faifan, ƙurar ta ragu sosai, amma injin yana nan a ƙurya, yaron kuma ƙyalle kawai ya ɗaura a hanci, wanda ba ya tare ƙananan ƙwayoyin. Na kai masa takunkumin da aka yi domin ƙura guda biyu, ina kuma roƙon duk wanda ya je shagon bayan karanta wannan ya tambayi lafiyar yaron ya duba ko gwangwanin nan yana da ruwa.

Aikin jerawar kansa ya yi kyau. Ya yi amfani da zare mai silli uku da ya murza da kakin zuma, ya ƙulla tsakanin kowane dutse da na kusa da shi, don kada su riƙa gugar juna, kuma ko zaren ya sake tsinkewa ɗaya kawai zai faɗi. Ya karɓi jaka ɗaya da rabi, ban ga tsada a ciki ba. Sai dai ya ce kwana uku, aikin ya kai kwana goma, kuma ba ya ba da takardar shaidar abin da aka bar masa, sai dai ya ƙirga a gabanka ya ƙulle a ƙyalle. Ga kayan gado wannan bai isa ba, ko da mutum amintacce ne, domin mantuwa da ajali ba sa sallama. Ni na ɗauki hoton kowane dutse da wayata kafin in bari, kuma ina ba kowa shawarar ya yi haka. Wanda zai je ya je da hantsi, domin kwan lantarkin shagon rawaya ne, yana ƙara wa kowane jan dutse kyan da ba nasa ba, a bakin ƙofa ne kaɗai ake ganin launi na gaskiya.

Mahaifiyata ta zaɓi tsohon na jaka takwas bayan na kai mata duka biyun ta gani a rana. Da na gaya mata maganar kwalbar, ta karɓi biyun ta daɗe tana kallonsu a tafin hannu, sa'an nan ta ce, "Inna ta sa su, ni ma na sa su. Ka ce wa Alhaji ya mai da su inda ya same su." Ya mai da su ɗaya a dama ɗaya a hagu, can kusa da ƙulli ta bayan wuya, sabon baƙon kuma ya sa shi na uku daga tsakiya, inda jansa ya fi dacewa da na maƙwabtansa.